Yadda Bangaskiya Take Yin Saiwa: Jagora Ga Mai Bin Almasihu Da Ke Son Dogara Ga Allah Da Gaske

A cikin Littafin Daniyel sura 3, an gurfanar da Shadrak da Meshak da Abednego a gaban sarki Nebukadnezzar na Babila saboda sun ƙi yi wa gunkin zinariya sujada. Sarki ya ba su zaɓi biyu, ko su rusuna, ko a jefa su cikin tanderun wuta. Amsar da suka ba shi a aya ta 17 da ta 18 kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu. Kashi na biyu kuwa shi ne ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Da yawa daga cikinmu mun riƙe kashi na farko, muna rera shi a waƙa, muna faɗarsa a shaida, amma kashi na biyu yana yi mana nauyi a baki. A wurin wannan kalma ta "ko da bai yi ba" ake gane bambancin bangaskiyar da ta tsaya a leɓe da wadda ta shiga zuciya, kuma matakan da ke cikin wannan jagora hanya ce ta kai mai bi ga inda zai iya faɗarta da gaske.

Yesu ya riga ya kwatanta bangaskiyar sama-sama a misalin mai shuka, a Markus sura 4. Irin da ya faɗa a kan dutse shi ne ya fi saurin tsiro, domin ƙasar wurin ba ta da zurfi, amma da rana ta yi zafi sai ya yanƙwane saboda ba shi da saiwa. Ya ce waɗannan su ne masu karɓar Maganar da murna nan take, sai dai idan wahala ko tsanani ya taso, sukan yi tuntuɓe. Abin lura shi ne murnarsu ba ta ƙarya ba ce, saiwa ce kawai babu. Tun da yake ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin da ya dace a nemi zurfi shi ne kafin ranar ta yi zafi.

Mataki na farko: ka tambayi kanka dalilin da ya sa kake bi

Tambayar da Shaiɗan ya yi game da Ayuba a Littafin Ayuba sura 1 aya ta 9 mugun nufi ne ya haife ta, amma tana da amfani idan mutum ya yi wa kansa ita: shin a banza Ayuba yake tsoron Allah? Ma'anarta ita ce, idan aka ɗauke dukiya da lafiya da iyali, me zai rage? Haka kuma a Yohanna 6:26 Yesu ya faɗa wa taron da suka bi shi har ƙetaren teku cewa suna nemansa ne don sun ci sun ƙoshi. Da koyarwarsa ta yi musu tsauri, da yawa suka koma da baya, har ya tambayi almajiransa sha biyun ko su ma za su tafi. Bitrus ya amsa da cewa babu wanda za su je wurinsa, domin a wurin Yesu maganar rai madawwami take.

Ka keɓe awa guda, ka ɗauki takarda da alƙalami, ka rubuta abubuwan da ka roƙi Allah a cikin wata ɗaya da ya wuce, gwargwadon abin da ka tuna. Sa'an nan ka duba nawa ne daga ciki suka shafi abin da kake so ya ba ka, nawa ne kuma suka shafi saninsa, da tsarkin rayuwarka, da bukatun wasu. Roƙon biyan bukata ba laifi ba ne, Ubangiji da kansa ya koya mana mu roƙi abin yau da kullum. Amma idan takardar gaba ɗaya jerin bukatu ce, ta nuna maka inda kake. Bayan haka ka rubuta abu ɗaya wanda idan ka rasa shi kake jin ba za ka iya ci gaba da amincewa da Allah ba. Yana iya zama aure, ko haihuwa, ko aiki, ko lafiyar wani da kake ƙauna, ko mutuncinka a idon jama'a. Sau da yawa wannan abin shi ne ainihin abin da zuciya ta dogara a kai, Allah kuwa an mai da shi mai gadinsa. Kada ka firgita da abin da ka gani, kada kuma ka yi wa kanka ƙarya a kai. Ka faɗa wa Allah shi kamar yadda yake, wannan ita ce tuba ta farko a tafiyar.

Mataki na biyu: ka karanta Littafi Mai Tsarki yadda aka rubuta shi

Ba a dogara ga wanda ba a sani ba. Shi ya sa Bulus ya ce a Romawa 10:17 bangaskiya ta wurin ji take zuwa, jin kuwa ta wurin maganar Almasihu. Matsalar masu bi da yawa ba rashin taɓa Littafin ba ce, yadda suke taɓa shi ne. Ana tsinto aya ɗaya daga nan, wata daga can, ana aika wa juna ta waya da safe, har mutum ya shekara goma yana bi bai taɓa karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Yana da kyau a sani cewa marubutan Littafin ba su rubuta shi da lambobin sura da aya ba. Rabon surori da muke amfani da shi a yau an fi danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya buga su a shekarar 1551. An yi su ne don sauƙin nemo wuri. Wasiƙar Bulus ga Filibiyawa wasiƙa ce da aka karanta wa ikkilisiya a zama ɗaya, ba tarin karin magana ba ce da za a ɗauki kowace ita kaɗai.

Misalai biyu za su nuna hatsarin cire aya daga mazauninta. Irmiya 29:11, inda Allah ya yi maganar shirinsa na alheri da bege, aya ce da ake so ƙwarai. Amma aya ta 10 da ke gabanta ta ce sai an cika shekara 70 a Babila kafin a komo da mutanen, kuma a farkon wannan wasiƙa da Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kai can an umarce su su gina gidaje, su yi gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta. Wato alkawarin gaskiya ne, amma da yawa daga cikin waɗanda suka fara jin sa sun tsufa sun mutu a baƙuwar ƙasa. Haka ma Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi. Daga kurkuku ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da ta 12 ya bayyana abin da yake nufi: ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a yalwa da rashi. Wanda ya riƙe waɗannan ayoyi a matsayin tabbacin cewa kome zai tafi yadda yake so, ranar da abin bai tafi haka ba zai ga kamar Allah ya saɓa alkawari, alhali kuwa alkawarin da bai yi ba ne aka jingina masa. A ganina, wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa mutane yin sanyi bayan shekaru na himma.

Ga yadda za ka fara. Ka ɗauki Bisharar Markus, wadda ita ce mafi gajarta a cikin Bisharu huɗun, sura 16 ce kawai. Ka karanta sura ɗaya kowace rana a lokacin da hankalinka ya fi kwanciya, wayarka tana nesa da kai. Ka karanta sau biyu, na biyun da murya idan da hali. Sa'an nan ka amsa tambayoyi uku a rubuce: me wannan wuri ya faɗa ga mutanen da suka fara jin sa, me ya nuna game da halin Allah, me kuma yake nema daga gare ni yau? Kada ka tsallake ta farko ka faɗa ta uku, domin a nan kuskure yake shigowa. Idan ka gama Markus, ka wuce zuwa Yohanna, sa'an nan Ayyukan Manzanni da Romawa. Sabon Alkawari gaba ɗaya sura 260 ne, saboda haka mai karanta sura ɗaya a rana zai gama shi cikin ƙasa da wata tara. Bayan haka ka shiga Tsohon Alkawari daga Farawa, kana haɗawa da Zabura ɗaya a rana. Idan ka yi fashin kwana biyu ko mako guda, ka ci gaba daga inda ka tsaya, kada kunya ta sa ka ajiye gaba ɗaya.

Ka kuma koyi halin mutanen Biriya, waɗanda Ayyukan Manzanni 17:11 ta yaba musu domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an gwada wa'azin manzo da Nassi, babu mai wa'azin da ya fi ƙarfin a gwada nasa.

Mataki na uku: ka yi addu'a ba tare da ado ba

Yesu ya ce a Matiyu 6:6 ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa ka yi addu'a ga Ubanka wanda yake a ɓoye. Hikimar wannan umarni ita ce a bayan ƙofa babu wanda za ka burge. Mutum yana iya ƙwarewa a addu'ar cikin taro, da zaɓaɓɓun kalmomi da ɗaga murya, amma ya kasa zama minti goma shi kaɗai a gaban Allah. Ka sa lokaci tabbatacce, ko da minti goma sha biyar ne, ka riƙe shi kamar yadda kake riƙe alkawari da wani babba. Idan ba ka san ta inda za ka fara ba, ka bi tsarin addu'ar da Ubangiji ya koyar, kana tsayawa a kan kowace gaɓa kana faɗarta da kalmominka. Ka lura cewa ta fara da sunan Allah, da mulkinsa, da nufinsa, kafin ta zo kan bukata da gafara da tsari daga mugun. Wannan jeri da kansa yana gyara zuciya sannu a hankali.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne gaskiya. An koya wa wasunmu cewa mai bangaskiya ba ya kuka, ba ya tambaya, kullum sai ya ce lafiya lau. Littafin Zabura bai yarda da wannan ba. A cikin Zabura 150 akwai masu yawa da kuka ne zalla. Zabura 13 ta buɗe da tambayar "har yaushe" sau huɗu a jere. A Zabura 73 Asaf ya amsa cewa ya yi ƙyashin masu girmankai da ya ga mugaye suna arziki, har ƙafarsa ta kusa zamewa, kuma bai sami amsa ba sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah. Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, duk da haka an bar ta a cikin Littafin. Mutumin da yake kai kukansa gaban Allah bai rabu da shi ba, wanda ya daina magana da shi ne yake cikin hatsari. Saboda haka idan kana fushi, ko ka gaji, ko kana jin kamar addu'arka ba ta wuce rufin ɗaki, ka faɗi haka. Idan kalmomi sun ƙare maka, ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan Zabura ka mai da ita taka.

Addu'ar Yesu a Getsamani, a Markus 14:36, ita ce ma'auni. Ya kira Allah Uba, ya shaida cewa kome mai yiwuwa ne a gare shi, ya roƙa a fili a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uban. Ka kiyaye dukan gaɓoɓin. Wanda ya tsallake roƙon ya yi saurin cewa "nufinka ya cika" wani lokaci tsoron ɓacin rai ne yake ɓoyewa, wanda kuma ya tsaya a roƙon kaɗai ya mai da addu'a umarni.

Mataki na huɗu: ka yi biyayya a abu ɗaya da ka riga ka sani

Ilimi kaɗai ba ya zurfafa bangaskiya. Yakubu ya ce a wasiƙarsa, sura 2 aya ta 19, aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. A misalin magina biyu da ke ƙarshen Matiyu sura 7, dukansu sun ji maganar, ruwa da iska kuma sun bugi gidajen biyu, bambancin kawai shi ne ɗaya ya aikata abin da ya ji. Dogara ga Allah tana girma ne lokacin da mutum ya ɗora nauyinsa a kan maganarsa ya ga ta ɗauke shi, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada ka yi ƙoƙarin gyara rayuwarka duka a rana ɗaya. Ka zaɓi abu ɗaya wanda lamirinka ya daɗe yana damunka a kai, wanda kuma biyayya a cikinsa za ta ci maka wani abu. Wataƙila gafarta wa wanda ya cuce ka ne, ko neman gafarar wanda ka cuta, ko mayar da abin da ka riƙe ba bisa haƙƙi ba, kamar yadda Zakka ya yi alkawari a Luka 19:8. Wataƙila barin wata ƙarya ce da take kawo maka riba a wurin aiki, ko yanke wata hulɗa da ka san ba ta dace ba, ko bayarwa ga mabukaci a ɓoye a lokacin da kai ma kake lissafi. Ka rubuta abin, ka sa ranar da za ka yi shi, ka gaya wa mutum ɗaya amintacce domin ya tambaye ka. Wannan biyayya ba sayen ceto ba ce, domin Afisawa 2:8-9 ta bayyana cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Amma aya ta 10 ta ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, kuma a cikin yin su ne mutum yake gane da kansa cewa Allah abin dogara ne.

Mataki na biyar: kada ka ɓoye shakka

Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9:24 ya ce ya gaskata, ya kuma roƙa a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya warkar da ɗansa. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu ga jama'a, ya aika daga kurkuku yana tambaya ko shi ne mai zuwan ko su sa ido ga wani, kuma a wannan surar ta Matiyu 11 Yesu ya yabe shi yabo mai girma. Toma ya yi mako guda yana shakkar tashin Yesu daga matattu, amma a cikin 'yan'uwa ya yi ta, shi ya sa yana nan lokacin da Ubangiji ya sake bayyana. Idan tambaya ta taso maka, ka rubuta ta a sarari, ka rarrabe ko ta tunani ce ko ta ciwon zuciya, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta tunani tana bukatar karatu da zama da wanda ya fi ka sani. Ta ciwon zuciya kuwa ta fi bukatar lokaci da wanda zai saurare ka ba tare da gaggawar ba ka amsa ba.

Mataki na shida: ka koyi jira, ka kuma koyi karɓar "a'a"

A nan ne tafiyar ta fi wuya. Ibrahim yana da shekara 75 lokacin da ya bar Haran da alkawarin zuriya, yana da shekara 100 aka haifi Ishaku. A tsakanin waɗannan shekaru 25, shi da Saratu sun gaji da jira suka nemi hanyarsu ta wurin Hajaratu, aka haifi Isma'ilu lokacin da Ibrahim yake da shekara 86, gidan kuma ya sha ɓacin rai a kan wannan gaggawa. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da labarinsa ya fara da mafarkai, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, tsakanin nan kuwa bauta ce da ƙazafi da kurkuku. Babbar jarrabawar lokacin jira ita ce sha'awar taimaka wa Allah ta hanyar da bai yarda da ita ba. Saboda haka idan kana cikin jira, ka yanke wa kanka tun yanzu iyakokin da ba za ka ƙetare ba kome tsawon lokacin, ka kuma ci gaba da aikin da ke gabanka da aminci, kamar yadda Yusufu ya yi a gidan Fotifar da cikin kurkuku.

Wani lokaci kuma amsar ba jinkiri ba ce, ƙi ne. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korantiyawa 12:9 ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ikonsa yake cika. Ibraniyawa sura 11, wadda ake kira surar jaruman bangaskiya, ta lissafa waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, amma daga tsakiyar aya ta 35 ta juya ga waɗanda aka azabtar, aka jajjefe, aka kashe da takobi, ta kuma ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Ina faɗar wannan da nauyin zuciya, domin an raunata mutane da yawa da koyarwar da ke cewa duk wanda bai warke ba ko bai samu ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. An ɗora wa marar lafiya laifi a kan ciwonsa, an ɗora wa mai makoki laifi a kan rashinsa. Nassi bai koyar da haka ba.

To, a kan me mutum zai tsaya idan amsar ta zama "a'a"? A kan gicciye. Romawa 5:8 ta ce Allah ya tabbatar da ƙaunarsa gare mu da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, Romawa 8:32 kuma ta kafa hujja da cewa wanda bai hana Ɗansa ba, ba zai hana mu abin da yake na alherinmu ba. Idan kana auna ƙaunar Allah da yadda makonka ya kasance, ma'auninka zai riƙa hawa da sauka. Mutuwar Almasihu da tashinsa kuwa abu ne da ya riga ya faru, babu abin da zai same ka gobe da zai warware shi. Ka mai da shi al'ada, duk lokacin da zuciyarka ta ce Allah ya manta da kai, ka komar da ita can kafin ka komar da ita ga halin da kake ciki.

Dole kuma a rarrabe dogara da ganganci. Lokacin da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya faɗo daga ƙololuwar Haikali, har da Zabura 91 ya kafa hujja, Yesu kuwa ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Nehemiya, da maƙiya suka yi barazana ga masu ginin garun Urushalima, ya yi addu'a ya kuma sa matsara dare da rana, kamar yadda sura 4 ta nuna. Mai dogara ga Allah yana zuwa asibiti, yana shan magani, yana neman aiki, yana tanadi, yana neman shawara. Abin da ya bambanta shi shi ne bai ɗora ransa a kan waɗannan abubuwa ba.

Mataki na bakwai: ka dasa kanka cikin ikkilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ayyukan Manzanni 2:42 ta ce masu bi na farko sun lazimci koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a, Ibraniyawa 10:25 kuma ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa. Sauraron wa'azi ta intanet yana da amfani, amma ba ya maye gurbin mutanen da suka san sunanka, waɗanda za su lura idan ka ɓace, waɗanda kuma za su ɓata maka rai har ka koyi gafara a aikace. Ka tsaya a ikkilisiya ɗaya inda ake koyar da Maganar da aminci, ka ɗauki wani aiki a cikinta ko da ƙarami ne, ka riƙa zuwa teburin Ubangiji da shiri. Ka nemi mai bi ɗaya da ya girme ka a bangaskiya, musamman wanda ya sha wahala bai bar bin Ubangiji ba, ka roƙe shi ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata, ka ba shi izinin yi maka tambayoyi masu wuya. Sai dai ka yi hankali kada ka mai da fasto ko wani bawan Allah madadin Allah. Wanda bangaskiyarsa ta rataya ga mutum, ranar da mutumin ya faɗi tare za su faɗi, kuma 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Almasihu Yesu.

Mataki na takwas: ka ajiye abin tunawa

Zuciya tana saurin manta alheri, tana kuma daɗewa da riƙe ciwo. Shi ya sa da Isra'ilawa suka haye Urdun aka umarce su su ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin su kafa, domin idan 'ya'yansu suka tambaya a ba su labari, kamar yadda Joshuwa sura 4 ta faɗa. Sama'ila ma ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer, yana shaida cewa har zuwa wannan wuri Ubangiji ya taimake su. Marubucin Littafin Makoki, yana zaune cikin kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya ce a sura 3 akwai abin da yake tunawa da shi wanda ya sa yake da bege, wato jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Da gangan ya tuno da shi, domin babu abin da ke kewaye da shi da zai tuna masa.

Ka sami littafin rubutu guda ka keɓe shi don wannan. A kowane shafi ka sa kwanan wata, da abin da ka roƙa, ka bar fili a ƙasa don abin da ya biyo baya. Ka rubuta har da ƙananan abubuwa, da lokutan da aka ba ka abin da ba ka roƙa ba, da waɗanda daga baya ka gode da ba a ba ka ba. Sau ɗaya a wata uku ka zauna ka karanta daga farko, idan kana da iyali ka karanta musu wani sashe. Za ka tarar da shafuffukan da filinsu na ƙasa ya daɗe babu kome a ciki, wasu shekara ɗaya, wasu fiye. Kada ka yage su, kada kuma ka cika su da bayanin da ba ka da tabbacinsa. Ka rubuta kwanan watan ranar da ka sake dubawa a gefe, ka sake kai roƙon gaban Allah, sa'an nan ka buɗe shafi na gaba.